Kwana Shida Ba Murya

Ruwan Agusta ya ritsa ni bisa moto
tsakanin Garkawa da gidan rediyo.
Na shiga rigata tana ɗiga,
na karanta suna biyu, rasuwa ɗaya,
da cigiyar wata jar akuya.
Da safe na tashi da maƙoshin wani.

Ni kuwa da murya nake cin tuwo.
Shekara sha tara ina gaya wa Adar
wa ya zo duniya, wa ya bar ta,
yau ga ni ina kiran ɗiyata da tafi.
Hanci ya zama rijiya mai tsattsafo,
kai kamar an ɗora mini buhun albasa.

Yarinyar farmasi ta ajiye kwali biyu.
Ta ce, wannan bitamin ne, wannan zinki,
ba sa korar mura, Malam Nomau,
in an yi sa'a su rage mata zama.
Na so gaskiyarta, ban so kuɗinta ba:
jika uku da rabi.
Na biya ina atishawa a kan canjina.

Ƙwayar farko faɗinta kamar dala biyar.
Na jefa ta cikin kofi, ta kama rawa,
tana huci, tana tashin kumfa,
har ruwan ya koma launin lemu.
Yara suka kewaye ni kamar ana sihiri.
Ta biyu ba ta da wasa,
ɗanɗanonta kamar ka tsotsi makulli.

Habsu maƙwabciya ta leƙo ta katanga,
ta ce, kai ma da biye wa kwali.
Ta aiko citta da kanumfari da masoro,
lemun tsami, da zuma a ƙasan kwalba
wadda ta ce ba ta ba kowa.
Na sha, gumi ya karyo har tafin ƙafa.

Gado mai gyaran sauti ya rantse da tafarnuwa.
Na tauna uku.
Matata ta ɗauki tabarmarta ta koma rumfa.

Can a rediyo wani yaro na riƙe da takarduna.
Ina kwance ina jin shi
yana tuntuɓe da sunayen ƙauyuka,
yana karanta rasuwa da sauri
kamar mamacin zai makara.

Ran na biyar, azahar ba ta yi ba,
motar Kalfu ta sauke wata tsohuwa a ƙofata,
takalmi duk taɓo, ƙulli a ka.
Inna ce.
Ba ta yi sallama ba sai da ta taɓa goshina.

Ta ce, kwana huɗu ina kunna akwati
wata murya na fitowa.
Na ce ko an ɓoye mini ne.
Na saurari sunayen matattu har ƙarshe,
kowane dare, da tsoron in ji naka.

Ban da abin amsawa ko da ina da murya.

Ta dubi kwalayen, ta juya su,
ta sansana, ta mayar inda suke.
Ta ce, sha abinka tunda ka saya,
amma yaushe rabonka da cin ganye?
Ta kwance ƙulli: zogale, yakuwa, ƙuli-ƙuli,
ta kore mu daga murhu.

Ran na shida muryar ta dawo,
da ɗan tsatsa, kamar ƙyauren da ya sha damina.
Habsu ta ce cittarta ce.
Gado ya ce ai ya faɗa.
Yarinyar farmasi ta ce
wataƙila lokacinta ne ya yi.
Ni ban raba musu gardama ba,
duka na haɗiye, ciki ɗaya suka tarar.

Ƙwaya huɗu sun rage cikin kwali,
Inna ta tafi da su Kalfu.
Ba don mura ba.
Tana so jikokinta na can su ga ruwa na rawa.

Da dare na zauna gaban makirfo,
na gyara murya sau biyu, a hankali,
don wata tsohuwa ta gane ta
kafin in fara kiran sunaye.